Fankar da ta San Mai Ita

Shekarun baya can, tun Turawa ba su tafi ba, lokacin da in mota ta shigo Azare sai an fito kallo, ni ne mai gyaran wutar mota a garin. Ba wai na fi sauran masu gyara ba ne, a'a, ni kaɗai ne. A soja na koyo aikin, na dawo da igiya biyu a hannun riga da akwatin kayan aiki, mutane suka laƙaba mini Kofur, har matata in tana jin tsokana haka take kirana. Rumfata tana gindin wata tsamiya a bakin tasha. Ba zan ɓoye muku ba, a lokacin ina da cika baki. In aka kawo mini mota, kafin direba ya gama bayani na riga na faɗa masa ciwonta, kuma sau da yawa ina dacewa, abin da ya ƙara lalata ni ke nan.

Ina da aboki, tare muka shiga soja, tare muka dawo. Ni na koyo waya, shi ya koyo tuƙi. Mutum ne marar hayaniya, in kun yi tafiyar yini guda da shi za ka iya ƙirga kalmomin da ya faɗa. Yana jan babbar motar wani Alhaji, ɗan kasuwa mai sayen gyaɗa da fata, kuma da wannan tuƙin yake ci da matarsa da 'ya'yansa huɗu da mahaifinsa da ido ya mutu.

To, motar nan tana da wani abu da babu motar da ke da shi a duk ƙasar Katagum: fanka. 'Yar ƙarama ce, ba ta wuce murfin kwanon miya ba, an kafa ta a saman gilashin gaba tana kallon kujerar da ke gefen direba. A Kano Alhaji ya sa aka ɗaura masa. Yanzu in na faɗa wa yara sai su yi dariya, amma a wancan lokaci manyan mutane kan zo tasha musamman don a kunna musu ita su kara fuska. Alhaji kuwa yana ji da ita fiye da yadda yake ji da dokinsa.

Ana cikin tsakiyar bazara, irin zafin nan da ko ƙadangare ba ya yarda ya tsallaka hanya, sai mahaifiyar Alhaji ta zo Azare suna. Tsohuwa ce tukuf, Bafulatana, a Katagum take zaune, kowa Inna yake ce mata. Da za ta koma, Alhaji ya sa abokina ya kai ta, ya zaunar da ita a gidan gaba, ya ce a kunna mata fanka har ƙofar gida. Suka kama hanya da hantsi. Abokina ya danna makunni, fanka ta yi kunnen uwar shegu. Ya tsaya ya taɓa nan ya taɓa can, ba ta motsa ba. Gidan gaban motocin da kuwa tanda ne, zafin inji na tasowa ta ƙarƙashin ƙafa, na rana na saukowa ta sama, ga yashin hanya ba ya barin mota ta yi gudun da iska za ta shigo. Kafin su isa Katagum tsohuwa ta jigata, sai ɗaukarta aka yi aka shiga da ita. Ta kwana uku a kwance.

Saƙon da ya iso wa Alhaji shi ne, direbansa ya hana uwarsa fanka. Inna da kanta ta ce ta roƙe shi har sau uku, yana ta taɓe-taɓen ƙarya yana cewa ta ƙi. Alhaji bai yi wata-wata ba, ya nufi inda motar take, ya hau, ya danna makunni, fanka ta ɗauka tana juyi kamar ba abin da ya taɓa samunta.

Ranar Talata da safe abokina ya kawo motar gindin tsamiyata. Tun daga yadda ya sauko na san ba lafiya. Ya zauna a kan bencina, ya ce, "Kofur, an ce na wulaƙanta tsohuwa."

Ya ba ni labarin duka. Alhaji ya ce ranar Alhamis zai je Katagum duba Inna, abokina ne zai kai shi, in sun dawo ya ajiye makulli ya kama gabansa. Abokina ya ce, "Ba aikin ne ya fi damuna ba. Garin nan ka san shi. In aka ce ga wanda ya gasa uwar maigidansa a mota, wa zai ƙara ba ni ko jaki in kora?"

Na tambaye shi ko fankar ta taɓa yi masa haka. Ya ce ai ta fi wata guda tana yi. In Alhaji na ciki tana aiki, in ba ya ciki sai ta yi shiru. Shi bai taɓa faɗa ba, don a ganinsa fanka ba ta direba ba ce, iskar taga ta ishe shi.

Na yi dariya har da buga cinya. Na ce, "Mutumina, ƙarfe bai san Alhaji ba, bai san talaka ba. Je ka sha fura ka dawo, kafin azahar za ka same ta tana juyi." Da ƙarfi na faɗa, don masu zaman tasha su ji.

Na fara daga inda kowane mai hankali zai fara. Na zaro fis, ɗan abin nan da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa, na ɗaga shi a rana, lafiyarsa ƙalau, amma duk da haka na kankare bakinsa da wuƙa na mayar. Na duba kawunan batir, na ƙara ɗaure su. Na kwance makunni, na tarar da ƙura da tsatsa har da gawar wani ƙwaro a ciki. Na ɗaga ƙwaron nan na nuna wa jama'a, na ce ga ɓarawon. Na goge, na mayar, na gyara tsayuwa, na danna. Shiru.

Sai na ɗauko abin gwajina, wani ƙwan fitila da na haɗa wa waya biyu. In ka ɗora ɗaya a kan ƙarfen mota, ka taɓa ɗayar a inda kake zargi, in akwai wuta a wurin ƙwan zai kama. Na maƙala ɗaya a ƙarfen sitiyari na bi wayar fanka gaɓa-gaɓa. A fis ya kama. A makunni ya kama. Na bi ta har bakin fankar, nan ma ya kama ɗau. Wato wuta tana isowa, ba ta tsaya a hanya ba.

Na ce to, ita fankar ce ta mutu. Na kwance notin da ya riƙe ta a wuyanta, na sauko da ita, na ɗora wayarta a kan batir, na jingina jikinta a ɗaya kan. Kai, saura kaɗan ta fille mini yatsa. Na mayar da ita mazauninta, na ɗaure, na danna. Shiru.

A nan sai in yi muku bayani kaɗan. Wutar mota kamar ɗan aike take, sai da hanyar zuwa da ta komowa. Waya ita ce hanyar zuwa, jikin motar na ƙarfe shi ne hanyar komowa gida wurin batir. A soja wannan hanyar komowa "ƙasa" muke ce mata, don haka Baturen da ya koya mana yake kiranta da harshensu. Ban manta da ita ba, kada ku ɗauka ban san aikina ba. Na duba wuyan fankar, ƙarfe ne. Abin da aka ɗaure shi a kai, fallen kwano ne mai koren fenti, ya shimfiɗu tun daga rufi har ya sauko bakin ƙarfen gilashi, inda aka bi shi da wani ado na jar fata mai tuntaye. Na kankare fentin da ke ƙarƙashin wuyan har ya yi ƙyalli, na ɗaure tamau. Ƙarfe a kan ƙarfe, na ce ƙasa ta samu, na cire ta daga lissafi. Fanka dai ko gezau.

Azahar ta yi ta wuce. La'asar ta yi. Masu zaman tasha da suka ji cika bakina da safe suka gyara zama, wani har yana tambayata ko azahar ɗin gobe nake nufi. Rigata ta jiƙe sharkaf, kuma ba zafin rana kaɗai ya jiƙa ta ba.

Ana haka sai ga Alhaji ya biyo ta tasha. Dogon mutum ne mai jiki, ba ya ɗaga murya, amma in ya yi magana ba a maimaitawa. Ya ce, "Kofur, me ake gyarawa a motata?"

Na ce, "Alhaji, fankar nan da gaske tana da matsala. Tun safe nake fama da ita, ta ƙi tashi."

Ya tattare babbar rigarsa, ya hau, ya zauna. Ni ina tsaye a ƙasa, idona ƙur a kan yatsansa, ina so in ga ko akwai wata irin dannawa da yake yi. Ya danna kamar yadda kowa ke dannawa. Fanka ta ɗauka, har tuntayen fatar nan suna rawa.

Tasha ta kwashe da dariya. Wani ya ce, "Fanka ta san mai ita!" Alhaji ya kashe, ya sauko, ya dube ni ya ce, "Abokinka ne, ban ga laifinka ba don ka rufa masa asiri. Amma ni ba yaro ba ne." Ya yi tafiyarsa. Yana shan kwana na haye na danna. Shiru.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Na zauna na yi lissafi irin na mai girman kai. Batir lafiya, fis lafiya, makunni lafiya, waya lafiya, fanka lafiya. In duk waɗannan lafiya, kuma ni Kofur ban yi kuskure ba, to saura hannun mutum. Na san wasu direbobi kan ɓoye ɗan makunni a ƙarƙashin kujera don kada fasinja su shanye musu batir, su bar su da wahalar murɗa inji da hannu. Na leƙa ƙarƙashin kujera, na laluba bayan sitiyari, ban ga komai ba. Maimakon in tsaya nan, sai na ja abokina bayan mota, na rage murya na ce, "Mu biyu ne, ba mai jinmu. Tsakaninka da Allah, ba ka da wani abu da kake taɓawa?"

Ya dube ni. Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Babu." Ya hau motarsa ya tafi.

Laraba ban iya taɓa aikin kowa ba. Matata ta ajiye mini tuwo ta ce, "Kofur, yau kuma wace mota ce ta fi ƙarfinka?" Na ce babu motar da ta fi ƙarfina. Ta ce to ai shi ke nan, sai in ci abinci. Ban ci ba. Abu ɗaya dai na tsayar a raina: tunda sai Alhaji na ciki take aiki, to sai in zauna kusa da Alhaji in ga abin da jikinsa yake yi wa motar.

Ranar Alhamis da safe na ɗauki jakar kayan aikina na je na same su. Na ce, "Alhaji, ina da buƙata a Katagum, ko za a rage mini hanya?" Ya san ƙarya nake yi, amma ya ce in hau. Na zauna a tsakiya, abokina a sitiyari, Alhaji a bakin ƙofa. Muka gaisa da abokina sama-sama, ya mayar da idonsa kan hanya.

Ina ta gyara jakata a tsakanin ƙafafuna Alhaji ya kunna fanka, ta kama. Muka fita gari. Na kasa kunne, na kasa ido. Na dubi inda ya ɗora ƙafarsa, na dubi inda ya jingina kafaɗa, har na yi tunanin ko nauyinsa ne yake danne wata waya a ƙarƙashin kujera. Da muka shiga wurin da hanya ta yi gargada, sai na ji muryar fankar tana canjawa. Ta yi sama, ta yi ƙasa, ta ɗauke kamar mai shaƙuwa, ta dawo. Kuma duk lokacin da ta ɗauke, akwai wata ƙara da ke tafiya tare da ita, kacau, kacau.

Na ɗaga kai. A wuyan fankar an rataye wani tarin makullai, sun fi goma, a jikin wata doguwar sarƙa. Makullan Alhaji ne, na shago da na sito da na akwatuna. Sarƙar ta zubo ta tsallake adon fatar nan, bakinta yana kwance a kan ƙarfen gilashi. Mota ta faɗa wani rami ta karkata, sarƙa ta yi lilo ta rabu da ƙarfen, fanka ta sassauta. Ta dawo ta taɓa, na ga ɗan tartsatsi shuɗi, fanka ta ɗauka.

Wallahi sai da na ji kamar in yi ihu. Na danne. Ranar Talata ma a gabana ya rataye su, ni kuwa ina can ina gadin yatsa.

A Gadau Alhaji ya ce a tsaya zai ga wani wakilinsa. Ya miƙa hannu ya zare makullansa ba tare da ya ko duba ba, ya zura a aljihu, ya sauka. Bai kashe makunni ba, amma fanka ta yi juyi biyu uku ta tsaya. Na sa sukundireba na ɗaga adon fatar nan. Ashe fallen kwanon bai kai ga ƙarfen gilashi ba, akwai tazarar da yatsa zai shiga, kuma abin da ke bayansa katako ne. Motocin lokacin tsirara ake sayo su, inji da ƙafafu da gilashin gaba, kafinta ne yake gina sauran da katako. Na san wannan sarai, kullum ina ganinsu. Amma hannuna a motocin soja ya koyi aiki, waɗanda ko'ina ka taɓa ƙarfe ne, sai na ga kwano na ɗauka ya gama magana. A gefe kuma ga guntun wata 'yar waya an datse ta.

Na nuna wa abokina. Ya ce, "Af! Watan jiya Alhaji ya sa kafinta ya yi wannan adon. Na ga ya yanke wata waya, ya ce ba ta zuwa ko'ina, tana ɓata masa aiki."

Ita ce ƙasar. Wanda ya ɗaura fankar a Kano ya san aikinsa, kafinta ya zo ya gyara masa.

Abokina ya yi ajiyar zuciya, fuskarsa ta saki a karo na farko. Ya ce, "To ɗaura mata wata kafin ya dawo."

Wayar tana jakata, aikin bai fi a sha ruwa a ajiye moɗa ba, har na kai hannu. Sai na tsaya. Na ce, "In na gyara ta yanzu, na kashe ka."

Ya ce, "Kamar yaya?"

Na ce, "Alhaji ya ce fanka lafiyarta ƙalau, kai ne maƙaryaci. In ya dawo ya same ta tana yi wa kowa aiki, me ya tabbata? Maganarsa. Wannan lalacewar ita kaɗai ce shaidarka, ba zan taɓa ta ba sai ya gan ta da idonsa."

Muka mayar da adon yadda yake. Alhaji ya dawo, ya rataye makullansa, fanka ta tashi, muka ci gaba. Ni kuwa sauran hanyar duk tunani nake yi. Gano ciwo abu ɗaya ne, nuna wa babban mutum cewa ya zalunci na ƙasa da shi wani abu ne daban. In na yi shi a gaban jama'a, ko ya ga gaskiya ba zai iya karɓarta ba, kuma abokina ne zai biya kuɗin kunyar.

A Katagum mota na tsayawa aka kewaye ta. Alhaji ya shiga wurin Inna, muka zauna a inuwar zaure, ba wanda ya kawo wa abokina ko ruwa. Na bari aka yi azahar, aka ci abinci, rana ta kori 'yan kallo. Da Alhaji ya fito shi kaɗai, na tashi na rusuna na ce, "Alhaji, akwai abin da ya shige mini duhu a motar nan, ina so ka taya ni dubawa. Kai ka fi kowa saninta."

Ya biyo ni. Ya hau ya zauna, hannunsa ya tafi aljihu, don makullan nan in ya zauna da su suna sukarsa a cinya. Ya zaro zai rataye, na miƙa hannu biyu na ce, "Kawo in riƙe maka." Ya ba ni ba tare da ya kawo komai a ransa ba. Na ce, "Bismilla, kunna."

Ya danna. Shiru. Ya kashe ya sake dannawa. Ya buga makunnin da tafin hannu. Ya juyo ya dube ni da zargi, na ɗaga hannayena sama don ya ga ba abin da nake taɓawa. Sannan na miƙa masa makullansa na ce, "Rataye su inda ka saba."

Ya rataye. Sarƙa ta sauka a kan ƙarfe, fanka ta ɗauka. Na ce, "Cire." Ya cire, ta mutu. Shi da kansa ya rataye, ya cire, ya rataye, ya cire, ya fi sau biyar. Gumi yana bin gemunsa.

Can ya ce, "Mene ne wannan, Kofur?"

Na ce, "Ƙasa ce ba ta da ita, Alhaji."

Ya dubi yashin da ya cika ƙasan motar har kan takalmansa, ya ce, "Duk wannan bai ishe ta ba?"

Na so in yi dariya, na ga ba lokacinta ba ne. Na ɗaga adon na nuna masa katakon da guntun wayar, na yi masa bayanin hanyar zuwa da ta komowa, na ce sarƙarsa ce take zame wa wuta gada. Ya ce, "Wato ranar da aka kawo Inna..." Bai ƙarasa ba. Na ce, "Makullan suna aljihunka a Azare."

Sannan ya sauka ya shiga gida. Na ɗauka shi ke nan, zai aiko a ce direba ya ci gaba da aikinsa, a bar maganar ta mutu. Sai ga shi ya fito riƙe da hannun Inna, tana takawa da ƙyar, ta yafa zane a ka. Ya kawo ta har bakin ƙofar motar, ya hau, ya nuna mata da hannunsa, yana yi mata bayani da Fulatanci. Ta ce ya sake. Ya sake. Ta ce a kira mata direban.

Abokina ya zo ya durƙusa. Tsohuwar nan ta dafa kansa, ta yi magana da Fulatanci, sannan ta maimaita da Hausa don kada ya ce bai ji ba. Ta ce, "Ɗan nan, na ɗauki alhakinka. Ka ce mini ta ƙi, na ce ƙarya kake yi. Har baki na so in yi maka, Allah ya tsare. Ka yafe mini tun ina da rai."

Ya ce, "Inna, ba ki yi mini komai ba. Zafi ne, kowa ya sha shi zai faɗi abin da ya fi haka." Mutumin da na gani a wuraren da maza ke kuka bai yi ba, ran nan sai da ya share ido da hularsa.

Alhaji kuwa bai iya ba da haƙuri da baki ba, ba a gina shi haka ba. Ya yi gyaran murya ya ce, "Direba, jibi akwai fata a Gololo. Ka duba mai da ruwa tun gobe." Abokina ya ce, "To, Alhaji." Alhaji ya ƙara da cewa, yadda mutanen zaure za su ji, "A kawo wa direbana fura."

Sai a lokacin na zaro wayata, ba ta fi taƙi ɗaya ba, na ɗaure ta daga wuyan fanka zuwa ƙarfen gilashi. Na danna, ta tashi, babu makulli babu Alhaji.

Alhaji ya ce zai kwana wurin Inna, mu biyu muka juyo da yamma. Ina ta zuba, ina ba abokina labarin yadda na gano abin kamar ba ya wurin aka yi. Kaina ya dawo girmansa na da. Ya bar ni na gama, mun kusa Gadau, sannan ya ce, "Na gode, Kofur. Ka fitar da ni."

Na ce, "Haba, ai yi wa kai ne."

Idonsa yana kan hanya. Ya ce, "Inna ba ta san ni ba, sau biyu ta taɓa ganina. Alhaji ma aiki ne ya haɗa mu. Amma kai ka san ni."

Na ce ya yafe mini, ya ce ya yafe tun ranar, kuma na yarda ya yafe, don mun ci gaba da zumunci har Allah ya karɓi abinsa, ni na yi masa wanka. Ya ja motar nan shekaru da yawa, kuma ban ƙara jin wani ya ambaci maganar tsohuwa ba.

Na yi aikin waya har idona ya daina ganin bakin fis, kuma cika baki bai taɓa barina gaba ɗaya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma daga ranar na canja abu biyu. Ba na gyara abin da ake rigima a kansa sai mai shi ya ga lalacewar da idonsa, don wani lokaci mutuncin wani yana rataye a jikinta. Na biyu kuma, in direba ya ce mini motarsa tana yin abin da hankalina bai ɗauka ba, nakan ce masa, "Na yarda, ni ne ban gano ba tukuna." Na faɗa wa mutane da yawa wannan magana, wasunsu ma na san ƙarya suke yi, ban damu ba. Mutum ɗaya ne ya cancanci ya ji ta daga bakina a ranar da yake buƙatarta, shi kuwa tambayarsa na yi ko yana da abin da yake taɓawa.